Taswirar Mushe a Cikin Bango

Ranar Litinin da azahar Inna Hasiya ta sauko daga motar Barmu da takarda ƙulle a bakin zanenta. Ta iske ɗiyarta Sharifa a tsakar gida kan keken ɗinki, littafin soyayya buɗe a gefen allura, ƙafa na taka keke, ido na bin layi.

"Aje wannan ki karanta mini wagga," in ji ta, tun kafin a kawo mata ruwa.

Takardar daga maigari ta fito. Aghali, makiyayin da ke sauka arewa da ƙauyensu, ya kai ƙara cewa gindin gonar Hasiya, daga gawo biyu zuwa bakin ƙorama, burtali ne, hanyar da bisashe ke bi su sha ruwa a rijiya. Za a zauna ranar Alhamis da hantsi, gaban maigari da mutumin kwamitin ƙasa daga meriya, ofishin magajin gari.

Sharifa ta san gindin gonar nan. A shekarun baya ya taɓa komawa fako, ko ƙaya ba ta fitowa. Shekara tara uwarta ta yi tana haƙa ramukan rabin wata don su tare ruwan sama, tana ɗauko duwatsu a kai daga tudu tana jerawa, tana zuba taki da ƙwarya. Yanzu saman gonar ya mutu, rairayi ne kawai, gindin nan shi ke cika rumbu. Da shi Inna ke ci, da shi take ciyar da marayun ƙanenta uku.

"Tun kafin a haihe ki ake noman wurin nan," in ji Inna. "Mi ya tashe shi yanzu? To, bai san da wa yake ba. Ubanki ya rubuta komi. Ya zana gonaki da itace da rijiya, dattawa sha ɗaya suka dangwala yatsa a ƙasa. Ɗauko mini littahin."

Ƙafar Sharifa ta tsaya a kan keke.

Mahaifinta, Mushe Muktari, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe. Da ya aje aiki sai ya ɗauki biro da kaye, littafin rubutu, ya shiga ƙauyukan Adar da ƙafa, shekara shida, yana tambayar tsofaffi sunan kowace gona, da inda kurmi yake da, da shekarar da kowace ƙorama ta fara cin ƙasa. Wata ƙungiya ta buga masa littafin a takarda mai kauri, aka yi taro, aka tafa masa, aka watse. Ba wanda ya saya. Da ya rasu shekara huɗu da suka wuce, kwali ɗaya na littafin ya rage a ɗakin Sharifa. Bayan sadakar arba'in ta ɗora shi a kan kabu-kabu ta kai wa Baba Souleyman mai hayar littattafai a kasuwa, shi kuma ya bar ta ta yi shekara guda tana ɗaukar na soyayya kyauta. Ko shafin farko na littafin ubanta ba ta taɓa buɗewa ba.

"Na ba da ajiyarsa, Inna," ta ce. "Gobe in karɓo."

Talata da sassafe tana rumfar Baba Souleyman. Ta iske shi zaune kan buhu, gwangwanin ƙaro jiƙe a gabansa, yana gyaran bango. Littattafan da ake kawowa daga Kano bangonsu kamar ganyen albasa ne, hannu uku suka wuce sai su warwatse. Shi ya sa duk wanda ya shigo rumfar sai Baba ya ɗinke shi da zare, ya yi masa bangon kwali, ya liƙa takarda mai kauri daga ciki don ta riƙe ɗinkin.

"Ɗiyar Mushe. Yau da wuri? Kashi na uku na labarin da kike bi bai dawo ba tukun."

"Ba shi na zo nema ba, Baba. Kwalin nan da na kawo maka, na littafin babana. Guda ɗaya nika so."

Ya dube ta ta saman tabarau. Sai ya miƙa hannu ya zaro wani littafi daga kanta, ya buɗe bangon, ya juya mata shi. A ciki, ƙarƙashin sheƙin ƙaro, ga rubutu layi-layi a kan farar takarda.

"Ga shi nan. Ga shi can kuma, da can. Rabi gara ta cinye a sito, rabi na yanka. Takardar Mushe, Allah ya jiƙan rai, ba ta da ta biyu. Shekara huɗu ke nan tana riƙe mini rumfa. Ke da kika karance wurin nan kaf, ba ki taɓa lura ba?"

"Wa ke karanta bango, Baba?"

"Ni ma haka na ce."

Ta zauna a kan benci. Ta gaya masa zancen gona, da ranar Alhamis, da taswira.

Baba ya aje burushinsa. Taswirar, in ji shi, babban falle ce naɗe a tsakiyar littafin. Guda biyar kawai suka tsira daga gara, ya liƙa su ɗungurungum a cikin manyan littattafai. Akwai wani labari mai kashi huɗu, na likita da ɗiyar mai gidan mai, da ya haɗe ya ɗinke wuri guda da jan bango, kwafi biyar, su ya liƙa wa taswirorin. Biyu matar wani direba ta tafi da su Agadas ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗa cikin randa. Saura biyu a cikin gari.

"Ɗaya na wurin Shamsiya mai lalle a unguwar Wadata. Ɗayan wata yarinya ce mai karatun jinya, Tina, a Bilbis take haya. Ita wannan ban gane mata ba. Takan zo ta buɗe bango ta duba, ta aje, ta buɗe wani. Ba ta tambayar ko labarin ya yi daɗi."

Sharifa ba ta tsaya kan wannan maganar ba. Ta tari kabu-kabu zuwa Wadata.

Gidan Shamsiya cike yake da mata, ana shirin biki. Huɗu zaune ƙafafu miƙe a kan tabarma, lalle na bushewa, ana musu ko likitan labarin ya kyauta da ya ɓoye wa yarinyar cewa shi ya yi wa ubanta aiki.

"Namiji ne, ko da farar riga," in ji wata mai ƙiba. "Ƙarya a jininsu take."

"Ke dai mijinki bai iya ko allurar kaji ba, shi ya sa kike jin haushin likita," Shamsiya ta mayar mata, aka kwashe da dariya.

Da Sharifa ta tambayi littafin, Shamsiya ta nuna mata shi da haɓa, can kan taga. Ta ɗauko ta buɗe bango. Kwali ne tsirara, sai ɗan ɓarɓashin takarda a kusurwa.

"Takardar cikin hwa?"

"Wannan mai kaurin? Ai ta yi mini amfani. Ledata ta ƙare ranar bikin ɗiyar Alhaji Ma'azu, na yayyage ta na naɗa na zuba lalle. Ba ta jiƙewa da wuri. In Baba Souleyman ya aiko ki, ce masa labarin na nan lahiya, ko harafi bai ɓata ba."

Sharifa ta karkata bangon wajen haske. A kusurwar da ta rage, layi uku suka tsira: *Tsohuwa Hajara ta ce mini tana yarinya ba a ganin rana daga bakin gari har rijiya saboda inuwar gawo. Na ƙirga bana, saura tara.* Ta karanta sau biyu. Haka babanta yake magana, a hankali, yana ƙarasa zance da lissafi. Ta ji kamar yana bayanta zaune yana shan kunu. Ta mayar da littafin kan taga ta fita ba sallama.

A Bilbis ta iske ƙofar Tina da kwaɗo. Maƙwabciya ta ce tana wurin koyon aiki, sai gobe da hantsi take hutu. A gida Inna ta tambaya, Sharifa ta ce mai ajiyar ya yi tafiya, gobe zai dawo. Inna ta dube ta ɗan lokaci, ta ci gaba da tsince wake.

Laraba Tina ta buɗe mata ƙofa da kanta. Siririyar yarinya ce, ba ta wuce ashirin da biyu ba, baƙin mayafi yafe a kai. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta ɗora butar shayi a kan gawayi kafin ta tambayi abin da ya kawo ta. Jan littafin na nan a kan akwati. Sharifa ta miƙa hannu ta buɗe bangon. Babu takarda, amma wannan ba yage ta aka yi ba. Kwalin sumul yake, kamar ba a taɓa liƙa masa komai ba.

"Da tururin buta na ɓamɓare ta," in ji Tina. "Kwana biyu ina yi, kaɗan-kaɗan. Na so in mayar wa Baba da wata takardar, ban samu mai kauri ba."

"Don mi kika cire?"

Tina ta ce wata rana ta gama labarin likita, ba ta da wani abin karantawa, sai ta juya bango. Ta ga zanen ƙorama da rijiya, ta ga sunan kakanta a jikin rijiyar, an rubuta shi daidai yadda suke faɗinsa a gida. Tun daga ranar ta riƙa zuwa rumfar tana ɗaukar littattafai don bangonsu. Ta buɗe akwatin ta fito da wani ƙunshi, fallayen takarda sun kai sittin, masu tabon ƙaro, an jera su bisa lamba an ɗinke da baƙin zare.

"Wasu shafukan ban same su ba har yanzu. Na farkon ma babu, ko sunan mai littafin ban sani ba. Amma ya san ƙasar nan, ya zauna da mutanenmu, ya rubuta abin da suka ce bai rage ba."

"Mushe Muktari sunansa. Babana ne."

Tina ta aje kofin da ke hannunta. Fuskarta ta buɗe da murna, sannan murnar ta dushe a hankali.

"To gonar taku ce," ta ce. "Aghali kawuna ne. Ni na kai masa taswirar."

Ta ɗauko wayarta ta nuna mata hoton. Ga ƙorama, ga gawo biyu, ga dangwalen yatsu sha ɗaya a jere. Zanen hannun Mushe ne aka ɗauki hotonsa aka buga, har da yadda yake lanƙwasa wutsiyar *g*. Ƙarƙashin zanen akwai sakin layi guda. Sharifa ta ja hoton ya girma, ta karanta a zuci, ta kai ƙarshe, ta koma farko.

"Ki ce wa kawunki ya janye," in ji Sharifa. "Uwata ta haura sittin. Da kanta ta ɗauki kowane dutse da ke wurin."

"Bisashenmu rabin yini suke yi suna zagaya tudu kafin su kai ruwa," in ji Tina. "Bara 'yan raƙuma biyu suka mutu a hanyar. Da awaki suka ratsa ta gonar wani, aka fasa wa yayana kai da sanda. Mi zan ce masa?"

Shayin ya tafasa ya zubo a kan gawayi, ba wadda ta kula. Da Sharifa ta miƙe, Tina ta raka ta bakin ƙofa, ta ce, "Wane irin mutum ne shi? A gida, ina nufin."

Sharifa ta sa takalminta. Abin da ta tuna kawai shi ne yana miƙo mata wani shafi ta duba masa, ita kuma tana cewa bari ta gama babin da take kai.

A motar Barmu ta yi niyyar gaya wa Inna sau uku. Duk lokacin da ta buɗe baki sai Inna ta nuna mata hatsin wani ta taga, ta ce bai kai nata ba. Abin da ta iya cewa kawai shi ne littafin bai samu ba.

"Ba komi," in ji Inna. "Mutane sun san ya rubuta."

Alhamis da hantsi aka zauna a zauren maigari. Aghali dogo ne, rawani rufe da baki, ya zaro taswirar daga jakar fata ya shimfiɗa a kan tabarma. Tina na bayansa cikin mata. A bayan takardar akwai tabon ƙaro da jan launin kwali. Wani ya tambayi inda aka samo ta, da aka ce daga bangon littafin soyayyar likita da ɗiyar mai gidan mai, zauren ya ɗauki dariya.

"Gobe kuma a kawo mana likita ya raba gado," in ji wani daga baya.

Mutumin meriya, Abdurazak, ya juya takardar gaba da baya. Ya ce ba bango, ba suna, ba hatimi, kuma dattawan da suka dangwala duk sun rasu. Idan iyalan Mushe suka ce ba aikinsa ba ne, za a aje ta gefe, a koma ga wanda ya daɗe yana noma wurin.

Sharifa ta dubi takardar. Kalma ɗaya ce. Ta fara haɗa ta a bakinta.

Inna ta riga ta. Ta matso ta sunkuya a kan takardar, ta ga gawo biyu, ta ga ƙorama, fuskarta ta washe.

"Ranka ya daɗe, wannan ai zanen Mushe ne. A gabana ya yi shi, kan faifan tuwona. Ita nika nema tun Litinin. Ni ban iya karatu ba, amma ga ɗiyata, ta hi kowa karatu a gidanmu. Ta karanta. Abin da Mushe ya rubuta na yarda da shi, ko mi ne."

Maigari ya miƙo takardar. Sharifa ta karɓa. Ta dubi Tina, Tina ta sunkuyar da kai. Babu sauran abin ƙaryatawa, kuma in ta canza kalma ɗaya Abdurazak na tsaye a kafaɗarta yana bin layin da ido. Ta karanta.

"A shekarar babbar yunwa, mahaifina Musa ya tura shingensa taku saba'in cikin burtali, daga gawo biyu zuwa ƙorama. Makiyaya sun yi kudu da abin da ya rage musu, ba wanda ya hana shi. Da suka dawo sun tarar da hatsi. Na rubuta wannan ne don gonar tamu ce, kuma ba zan rubuta na wasu in ɓoye namu ba."

Ba wanda ya yi dariya. Inna ta ce a sake karantawa, aka sake. Ta koma wurinta ta zauna, ta gyara zanenta a gwiwa.

Hukuncin bai ɗauki lokaci ba. Hasiya za ta girbe hatsin bana, bayan girbi a kafa duwatsu masu fenti daga gawo biyu zuwa ƙorama, a buɗe hanya. Aghali ya ce in tana so bisashensa su kwana a saman gonarta wata biyu su zuba mata taki. Inna ta miƙe ta fita.

A bakin zaure Tina ta tare Sharifa, ta miƙa mata ƙunshin fallayen nan masu baƙin zare.

"Naku ne. Na kwahe abin da nika so a kaye."

Sharifa ta karɓa don ba ta san yadda za ta ƙi ba.

Inna ba ta nufi gida ba, gona ta nufa. Sharifa ta bi ta. Hatsin gindin gonar ya fi mutum tsawo, zangarniya ta yi nauyi ta sunkuya. Inna ta tsaya tsakanin gawo biyu tana kallonsa.

"Shekara biyar yana raye ina ɗaukar duwatsun nan," ta ce. "Sau ɗaya ya ce mini in bar gindin in gyara sama. Na ce don mi, ya ce yana cikin littahi. Na ce ya koma wa takardunsa. Bai ƙara ba. Ni bai hwaɗa mini ba, takarda ya hwaɗa wa."

"Inna."

"Ya aka yi ta je hannun Aghali?"

Sharifa ta gaya mata duka: kwalin, da kabu-kabu, da shekara guda ta karatu kyauta, da gwangwanin ƙaro. Inna ta saurara har ƙarshe ba ta katse ta ba.

"Littahi nawa kika karanta a shekarar?"

"Ban sani ba. Da yawa."

"Da kin buɗe nasa sau ɗaya, da sama na haƙa. Lokacin ina da ƙarfin baya."

Ta sunkuya a bakin ramin farko, ta girgiza wani dutse har ya fita daga mazauninsa, ta naɗa gammo da bakin zanenta, ta ɗora shi a kai. Gwiwarta ta yi ƙara da ta miƙe.

"Ƙasar ya rubuta musu," ta ce. "Duwatsun nawa ne."

Ta fara hawa zuwa saman gona, inda rairayi ke ƙyalli. Bayan taku kaɗan ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Aje wannan takardar ki ɗauko ɗaya."

Sharifa ta aje fallayen a gindin gawo, ta danne su da takalminta kada iska ta kwashe, ta sunkuya ta kama dutse.